Wutar Cikin Kwamfuta

Hidaya, ɗalibar injiniya a Azare, ta raba dare tana gwadawa a kwamfuta yadda hasken leza mai ƙuna ke gasa fuskar ƙarfen da ba ya tsatsa don ya ƙara ƙwari. Ko bismilla ba ta yi ba. Ai wutar ta cikin allo ce.

Can sai ƙaurin babbaka ya cika ɗakin. Ga wani tsoho tsugune gefen tebur.

Ya ce, "'Yata, ko ruwan zafi ba a watsarwa da dare sai an ambaci Allah."

Ya miƙo hannu. Fatar ta saluɓe tana tsiyayar ruwa, layi-layi, daidai da layukan da lezar ke ja a allonta. Kwamfutar ta ja sabon layi, hannun ya tashi da hayaƙi.