Safiyar da Kifi Ya Taso a Ƙasan Gada

Ƙarfe shida saura na safe, mai kiwon kifin da ke ƙasa da gada ya sauko rafi da bokiti, ya tarar da kifi ya taso ciki sama, fari fat tun daga wannan gaɓa har waccan. Matan da suka yi sammakon wanki suna tsaye suna yarfe hannu, yatsunsu sun yi jawur kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne ruwan kansa: garau yake, kana hango tsakuwar ƙasa. Kafin bakwai an kashe injin da ke ja wa unguwa ruwan sha. Kafin takwas unguwar gaba ɗaya ta yi dafifi a ƙofar filin da ake aikin sabuwar gada.

A gida aka kira Sufeton 'yan sanda, ko shayi bai kurɓa ba. Shi da kofur ɗaya tak suka kutsa da ƙyar, mai gadi ya mayar da ƙyauren ƙarfe ya zura sakata. Sai a lokacin Sufeto ya ga irin kejin da ya sa kansa. Fili ne mai katangar kwano, ƙofarsa ɗaya. Bayansa rafi ne da wawakeken ramin da aka haƙa wa ƙafar sabuwar gada, tsohuwar kuwa an rushe ta wata uku da suka wuce. Ya buga waya ofis a turo masa mutane, aka ce suna tsallaken rafi, sai sun zagayo ta babbar hanya. Awa uku, in mota ba ta yi gardama ba.

"A fito mana da direban!" ake ta ihu daga waje. "A ba mu shi!"

Direban motar kwaɓa siminti suke nufi, wanda ake kira Dogo. Mata sun gan shi yana haurowa daga bakin rafi a guje, rigarsa jiƙe. Injiniyan aikin ya kulle shi a kwantenar da suke ofis a ciki, don kada a yi gunduwa-gunduwa da shi. Sufeto ya dubi ƙyauren nan ya dubi agogo. Ko da wasa ƙyauren ba zai kai awa uku ba.

Cikin kwantenar zafi kamar tanda, ba taga sai wata 'yar kafa. Dogo na zaune a kan buhu, ya sa kai tsakanin gwiwoyi, sanye da rigar aiki mai dogon hannu.

"Kai ne Dogo?"

"Ni ne, yallaɓai. Ni na yi."

"Me ka yi?"

"Mota na wanke a rafi."

"Yaushe?"

"Da safen nan."

"A ina?"

"Gangaren da ake ɗiban ruwa."

Shekara ashirin da biyu Sufeto yana wannan aiki, bai taɓa ganin wanda ya amsa laifi tun kafin a gama yi masa sallama ba. Abin bai kwanta masa ba ko kaɗan.

Injiniya na jiransa a waje, zufa na ɗiga daga ƙarƙashin hular kwano. "To ai ya amsa, yallaɓai. Ka tafi da shi kawai mu samu lafiya."

"In tafi da shi ta ina, ta sama? Kai ƙarfe nawa ka shigo?"

"Bakwai da minti goma. Mai gadi na rubutawa."

"Za mu gani."

Sufeto ya sa kofur ya hau motar ya leƙa cikin tulun da ake kwaɓa siminti. A bushe yake ƙamas. Tayoyin sun sha ƙura, gangaren da Dogo ya ambata kuwa ko sawun keke babu, balle farin dabbaren da wankin siminti ke bari a kan duwatsu. Ashe dai ƙarya mutumin ya shara, kuma a kan kansa ya shara ta.

Wata mata ce ta tare shi a nan, da takalmin roba har gwiwa da akwatin kwalabe a hannu. Ita ce mai gwajin ruwa ta kamfanin, kowa Malama yake ce mata. Idonta ya yi ja, da gani ta sha kuka.

"Yallaɓai, zo ka ga wani abu."

Ta bi da shi gefen rafi ta cikin katanga, suna haurawa sama. "Kifi in ya mutu ruwa ne ke tafiya da shi, ba zai gaya maka inda abin ya faro ba. Katantanwa kuwa inda take nan take mutuwa. Duba duwatsun."

Ya duba. Katantanwa duk sun saki dutse sun zube, baki buɗe. Suka yi taku ɗari, haka. Taku ɗari biyu, haka. Sai a gindin wani bututu da ya leƙo daga gaɓa abin ya yanke: taku ɗaya sama da shi, ga su nan maƙale da dutse lafiya lau.

"Ina bututun nan ya fito?"

Ta nuna masa wani tafki da aka haƙa a tudu, an shimfiɗe cikinsa da baƙar leda, an kewaye shi da buhunan yashi. "Ruwan da ke tsattsafowa a ramin gada ba a zuba shi rafi kai tsaye. Nan ake jawo shi, laka ta kwanta, in gwada, sannan a cire toshiya ya tafi. Jiya ne aka fara zuba kankare, ruwan ramin ya sha siminti." Ta tsoma wata 'yar takarda a tafkin, nan take ta rine ta koma shuɗi mai duhu. "A ma'aunin takardar nan, ruwan rafi bakwai yake nunawa. Wannan sha biyu. Yana cin fata, kifi kuwa ƙone masa maƙogwaro yake yi."

"Amma ga shi tas kamar na randa."

"Shi ne mugun abin. In ya kwana, simintin ya kwanta, ido ba ya gane shi."

A jikin ledar akwai zanen inda ruwa ya kwana. Ya sauka taƙi biyu.

"Ke ce mai ba da izinin buɗewa," in ji Sufeto. "Me zai hana in ce ke ce?"

"Na rubuta a allon can jiya da yamma: kada a buɗe, tanka za ta zo ta kwashe. Na gaya wa Injiniya baki da baki. Kuma toshiyar tana can ƙasa, sai mutum ya zura hannu har gwiwa." Ta naɗe hannayen rigarta ta miƙo masa. Fata sumul.

Wani dutse ya dira a kan katangar kwano, ƙarar ta cika filin. Wani ya biyo baya. Sufeto ya koma ƙofa da sauri, ya tarar da mai gadi ya tokare ƙyauren da kafaɗa, ƙusar maratayin da ke riƙe ƙyauren daga sama ta fara fita.

"Miƙo hannunka. Ɗayan. To, kawo littafin."

Hannun mai gadi lafiya. Littafin kuma bai yi ƙarya ba: Injiniya bakwai da goma, Malama bakwai da rabi, Dogo shida da minti ashirin. Sama da su duka akwai suna ɗaya, ƙarfe biyar daidai.

"Wane ne Baba Mai Inji?"

"Tsohon da ke tada injin da ke jawo ruwan rami zuwa tafki. Kullum shi ne na farko, wallahi ko agogo ba ya kai shi. Surukin Dogo ne, 'yarsa yake aure. Kowace safiya Dogo ne ke kawo masa kular abinci daga gida."

Sufeto ya rufe littafin a hankali. Ransa ya ɓaci, don ya riga ya hango inda maganar za ta kwana, kuma ba ya son wurin.

Ya koma kwantena. "Naɗe hannun rigarka."

Dogo ya yi kamar bai ji ba.

"Ba zan maimaita ba."

Ya naɗe. Hannun dama ya yi ja har gwiwa, fatar na sheƙi.

"Ka ga, yallaɓai? Na ce maka ni ne."

"Rufe mini baki. Motarka rabonta da ruwa tun jiya. Kifi ya fara tasowa shida saura, kai ka shigo shida da ashirin. Na tarar da toshiyar tafki a rufe, ke nan hannu biyu ne suka shiga ruwan nan yau: ɗaya ya buɗe, ɗaya ya rufe. Kai ka kawo abinci, ka ga bututu na zuba, ka san abin da ke cikin tafkin tunda kai ka kawo simintin, ka ruga ka toshe. Ka gangara rafi ka ga ɓarnar, mata suka gan ka. Wa ya buɗe?"

Dogo ya zame daga kan buhun ya durƙusa. "Don girman Allah ka rubuta ni. Ni ƙato ne, ko duka ne zan ɗauka, ko gidan yari ne. Shi ya samo mini aikin nan, shi ya ba ni 'yarsa ba ni da komai. Da wane ido zan nuna shi da yatsa?"

"Waɗancan na waje ba duka suka zo yi maka ba."

"Na sani."

Sufeto ya fita ya ja ƙofar. A can ƙarshen fili, ƙarƙashin wata rumfar tamfol, tsohon na zaune kusa da injinsa da ke kashe. Kular abinci na gefensa ba a buɗe ba. Hannayensa biyu na cikin safar roba mai tsawo. Injiniya, wanda ya biyo Sufeto kamar jela, ya yi tsaki.

"Ikon Allah. Wata uku ina fama da shi ya sa safar nan, sai yau ya ga dama."

Sufeto ya tsuguna gaban tsohon. "Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗana."

"Baba, cire safar in gani."

Tsohon ya kama bakin safar da haƙori ya zare, don yatsun ba sa lanƙwasuwa. Malama ta kau da kai. Fatar ta saluɓe daga wuyan hannu har gwiwa.

"Tafkin ya cika har baki," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na ga in na tada inji zai yi ambaliya ya kwashe buhunan. Na duba ruwan, na gan shi garau. Wata uku abin da nake gani ke nan: laka ta kwanta, ruwa ya washe, a buɗe. Na ce bari in rage wa Malama aiki kafin ta iso. Toshiyar ta yi tauri, na daɗe ina fama da ita. Shekara talatin ina jan ruwa, ɗana, da ido nake sanin mai kyau. Ban san akwai ruwan da ke yaudarar ido ba."

"Ba ka ga allon ba?"

"Na ga an yi rubutu. Ban iya karatun boko ba. Ba wanda ya taɓa tambayata, ni kuma kunya ta hana ni faɗa."

Sufeto ya juya ya dubi Injiniya. "An gaya maka baki da baki. Kai wa ka gaya wa?"

Injiniya ya cire hular kwano ya hau share zufa.

"Wannan ma zai shiga rahotona, da sunanka a sama."

Sai ga kofur a guje. "Yallaɓai, maratayin sama ya fita! Sun kawo gungume!"

Tsohon ya ɗago. "Wa suke nema?" Ya sani sarai, amma yana son ya ji da kunnensa.

"Dogo. Ya ce shi ya yi."

"Tun ɗazu nake zaune nan ina jin suna kiran sunansa," in ji tsohon. "Tsoro ya riƙe mini ƙafa. Allah ya isa tsakanina da kaina." Ya dafa injin ya miƙe. "Kai ni ƙofa."

"Baba, ba zan iya kare ka ba in suka shigo."

"Ban ce ka kare ni ba."

Suka mirgino durom suka jingina da katanga, kofur ya tallafe shi ya hau. Yana leƙowa sama da kwanon, sai ihun ya ragu, don ba wanda bai san shi ba a unguwar. Ya ɗaga hannayen nan biyu kowa ya gani.

"Ni na buɗe ruwan," ya ce. "Ni na kashe muku rafi, da jahilcina. Mijin 'yata rufewa ya yi. In jifa ne, ga ni."

Ba wanda ya jefa. Wata daga cikin masu wanki ta dubi yatsunta ta dubi hannun tsohon, ta tofar da yawu gefe ta juya. Masu gungume suka sauke shi ƙasa. Can gaban ƙofa wata mace mai goyo ta fasa kuka tana kiran "Baba! Baba!"

Sufeto ya sauko da tsohon, ya ce wa Malama ta yi ta zuba masa ruwa mai tsabta a hannu har motar ofis ta iso. Ankwa tana aljihunsa, bai ma taɓa ta ba, ba inda za a ɗaura ta. Ya nufi kwantena ya buɗe ƙofar wangalau.

"Fito. Ba abin da ya hau kanka."

Dogo bai motsa ba. "Ya faɗa?"

"Da bakinsa, gaban kowa."

"Za ku tafi da shi?"

"Dole."

"Kukan da nake ji, matata ce?"

"Ita ce. Tana bakin ƙofa."

Dogo ya dubi hasken da ya shigo ta ƙofar, ya ja jiki ya koma lungun da ya fi duhu.

"Da safe da ta miƙo mini kular, cewa ta yi in tabbatar ya ci," ya ce. "Yallaɓai, ka mayar da ƙofar tukuna. Ban san abin da zan ce mata ba."