Hannun Gem na Riyal Ashirin

Dutsen farko ya sauka a kan rufin gidan Dona Lindalva ranar wata Asabar, daidai lokacin da rediyon maƙwabta ya fara addu'ar ƙarfe shida. Rana ta riga ta faɗa bayan tudun Ibura, ƙamshin kofi da dambun masara ya cika lungun, karnuka kuwa duk sun yi tsit. Dona Lindalva ta leƙo ta taga, ta zage 'ya'yan mutane tas, ta koma kan tukunyarta. Babu yaro ko ɗaya a lungun. Ni da muke katanga ɗaya da su na shaida haka, don a bakin ƙofata nake zaune.

Amma in za a faɗi gaskiya, ba da magariba masifar ta shigo ba. Da hantsi aka je kasuwa aka sayo ta.

'Ya'yan Dona Lindalva biyu ne. Babban, Jailson, mai kai saƙon abinci a babur, shekararsa ashirin da uku, kuma ban taɓa ganin mai rowa irinsa ba. Yana da kwamfuta a falo, da hannun gem guda ɗaya, abin nan da ake riƙewa da hannu biyu ana dannawa, ba mai taɓa masa shi. Ƙanwarsa Rosineide shekararta sha shida. Tun tana 'yar shida take zama a gefensa tana kallon gem ɗin faɗan da yake bugawa. In kukanta ya dame shi, sai ya miƙa mata wani mataccen hannu da ba a jona shi da komai ba, ya ce, “Ke ce mai jan wando.” Ta yi shekara uku tana danna banza tana murna kafin ta gane. Ba ta taɓa yafe masa ba, shi kuma har gobe yana ba da labarin a cikin abokai yana dariya.

Da ta tara riyal hamsin daga alewar cakulan da take sayarwa a makaranta, uwarsu ta tilasta masa ya raka ta kasuwa ta sayi nata hannun gem, tunda shi ya san kan abin. Mai rumfar da suka je wurinsa mutumin kirki ne, ya baza musu kaya a kan tebur.

“Kwamfuta ce, ko? To 'yata, ɗauki wannan mai waya. Hamsin. Ba shi da suna, ba shi da nauyi, amma kina jonawa kwamfuta za ta gane shi. Ba batir, ba caji. In kin lallaɓa shi zai yi miki shekara biyu kafin ƙululun da ake juyawa da yatsa ya fara ja gefe. Mara waya ɗari da talatin ne, kuma wallahi a kuɗinki ba ki buƙatarsa.”

Rosineide ta riga ta miƙa hannu. Jailson ya duƙa, ya zaro wani tsohon baƙin hannu daga kwalin da ke ƙarƙashin tebur, mai nauyi, duk ya goge a inda babban yatsa ke zama.

“Wannan fa?”

“Ajiye shi, saurayi. A kangon gidan gem ɗin marigayi Seu Tonho aka kwaso shi, wanda ya shekara sha biyar a rufe. In na buɗe rumfa da safe, da ɗumi nake tarar da shi.”

“Ɗumi? Ka ce dai yana aiki. Ashirin.”

Ya biya ashirin, ya cusa talatin ɗin a aljihu da sunan kuɗin mai. Ya kuma riga ya taɓa ya ji madanni ɗaya yana maƙalewa, abin ya yi masa daɗi, don ya san shekara goma yarinyar ta yi tana haddace yadda yake bugawa. Araha ba ta ado, ballantana arahar da mugunta ta zaɓo.

Da yamma ta jona shi, ta ja kujera ta biyu, ta ce, “Zo mu gwada.”

“Da ke? Je ki wanke kwanuka.” Ya zare nasa hannun, ya jefa a jaka, ya ta da babur.

Ta bi shi da ido har ya sauka gangaren. Sannan ta faɗi maganar da ba a faɗi da faɗuwar rana. Ta ce, “To ko iblis ne, ya zo mu buga.”

A nan dutsen ya sauka.

Da Dona Lindalva ta kawo abinci falo, ta tarar da 'yarta a miƙe sambal a kan kujera, ido ba ya ƙiftawa, yatsu suna gudu a kan hannun kamar ba nata ba. Mutumin da take sarrafawa a fuskar kwamfutar ya kayar da abokin karawarsa. Sai wata murya ta fito daga bakin yarinyar, muryar namiji, busasshiya, mai ƙaiƙayi a kunne.

“Na gaba.”

Ba wanda ya zauna. Dutse na biyu ya fasa rufin, ya faɗo cikin kwanon dambun.

Ranar farko awa ɗaya aljanin ya riƙe ta ya saki. Ta farka ba ta san komai ba, sai kukan ciwon yatsu. Washegari ƙarfe shida na yi hannayenta suka nemo abin da kansu, duk da uwarta ta ɓoye shi a cikin buhun wake. Rana ta huɗu bai sake ta ba sam. Ba ci, ba sha. Manyan yatsunta suka fashe, jini yana bin baƙar robar yana ɗiga a cinyarta. Duk sanda muryar ta ce “Na gaba” aka rasa mai zama, sai dutse, kuma duwatsun da zafi suke faɗowa. Jailson ya taɓa kashe wutar gidan gaba ɗaya. Numfashin yarinyar ya tsaya cak, leɓenta ya yi baƙi, sai da ya mayar da wutar da gudu ta ja iska. Daga ranar ya daina cika baki, amma bai daina cewa ba laifinsa ba ne.

Rana ta shida aka hauro da Dona Quitéria, tsohuwar da ke yi wa unguwarmu addu'ar kambun baka da ciwon yara tun kafin a haife ni. Ta hau matakalan tudun namu ɗari da wani abu tana haki tana tsine wa wanda ya gina su. Ta zo da carbinta, da kofin ruwan gishiri, da rassa uku na ganyen arruda. Ta zauna a gaban yarinyar har rediyo ya fara addu'a, sannan ta kaɗa ganyen a kanta sau uku. Ganyen ya yanƙwane a hannunta nan take.

“Kai wane ne?”

“Ba ki cikin layi, tsohuwa. Matsa, kin tare mini.”

“Na tambaye ka.”

Kan Rosineide ya juyo a hankali, yatsun ba su tsaya ba. “A ƙarƙashin kantar Tonho nake tun yana da gashi. Ina kallon yara suna bugawa, ba wanda ya taɓa ce mini zo. Da aka rufe, na ɗauki wannan. Nawa ne. An ɗauke mini shi ina tsakiyar wasa, sannan wannan ta kira, na amsa.”

“Yarinya ce, ba ta san abin da ta faɗa ba. Zan kunna maka kyandir bakwai, in zuba maka kwalbar barasar rake a bakin kangon. Ka sake ta.”

“Ki sha abarki.”

“To me kake so?”

“Doka. A bangon Tonho take a rubuce, kowane yaro a garin nan ya san ta. Wanda ya sha kashi ya miƙa hannu. Ni ba a taɓa cina ba. Don me zan miƙa?”

Dona Lindalva ta fashe da kuka. Dona Quitéria ta juya ta dubi Jailson, wanda ke maƙale a bakin ƙofa.

“Kai ne gwanin, ko? Kai ka zaɓo. Zauna.”

“Mainha,” ya ce wa uwarsa, “ki gaya mata ba zan…”

“Zauna, don ubanka!” in ji uwar.

Ya jona nasa hannun, ya zauna a kujerar da ya ƙi zama ranar Asabar. Karawar farko ko taɓa abokin faɗan bai yi ba. Da mutuminsa ya faɗi, jini ya ɓalle daga hancin Rosineide. Karawa ta biyu ya ɗan yi motsi, ya sake faɗuwa, jinin ya ƙaru, kanta ya fara langaɓewa. Madannin da yake taƙama yana maƙalewa, a hannun wancan lafiya lau yake.

“Jikin nan ba zai kai huɗu ba,” in ji muryar. “Na gaba.”

Falon ya yi duhu, sai hasken kwamfutar a fuskokinsu. A karawa ta uku Jailson ya koma ga abin da ya fi iyawa a duniya. Ya zare silifa, ya miƙa ƙafa a hankali ƙarƙashin tebur, ya saƙalo wayar tsohon hannun da babban yatsa, ya fizge. Mutumin aljanin ya tsaya ƙiƙam a fuskar kwamfutar. Yatsun Rosineide suka ci gaba da danna banza, kamar lokacin da take 'yar shida. Jailson ya yi ta dukan wanda ba ya ramawa har ya faɗi.

 Ko rediyon maƙwabta ba a ji.

“Na ga ƙafarka,” in ji muryar.

“Doka ba ta ambaci ƙafa ba,” Dona Quitéria ta katse shi. “Ka sha kashi. Miƙa.”

Aka yi wata dariya mara daɗi. “Zan miƙa. Amma dokar tana da sauran rabi, tsohuwa, kin sani. Wanda ya ci shi ke zama. Zan koma jikinsa.”

Jailson ya zamo daga kujera. Tsohuwar ta miƙe, ta watsa ruwan gishirin a tsakaninsu, ta ɗaga carbin. Sun daɗe suna ja-in-ja, ita tana ambaton Allah da waliyyai, shi yana zaginta da kakanninta. A ƙarshe ga abin da aka tsayar. Ba zai shiga jikin kowa ba, ba sauran jifa, kuma za a mayar masa da hannunsa kangon kafin rana ta sake faɗuwa. Shi kuma Jailson, kullum ƙarfe shida zai zauna, yatsunsa a kulle a kan nasa hannun na tsawon awa uku, har ranar da wani ya ci shi da gaskiya. Ranar magana ta ƙare, ba ta wuce kan kowa.

“Da gaskiya,” muryar ta maimaita. “Kalmar za ta yi masa wuya.”

Hannayen Rosineide suka buɗe, abin ya faɗi ƙasa. Warin ƙonanniyar waya ya ratsa falon ya fita ta ramin rufi. Ta buɗe ido, ta dubi yatsunta, ta dubi wayar da ke kwance a ƙasa kusa da ƙafar yayanta. 

An mayar da hannun. Jifa ya tsaya. Amma ƙarfe shida shi ne lokacin da mai kai abinci ke samun na kansa, kuma kullum a lokacin Jailson yana kan kujera, yatsu a sandare, babur a jingine. Abokansa suka zo ɗaya bayan ɗaya, ya cinye su duka yana hawaye, don in ya yi niyyar faɗuwa da gangan yatsun ba sa yarda. Ban ji tausayinsa sosai ba, Allah ya yafe mini. Dona Quitéria ta ce masa mutum ɗaya ne ya san duk inda yake da rauni, kuma a gidan yake kwana.

Ya koma wurin mai rumfa ya sayo mai wayar nan na riyal hamsin, ya ajiye a bakin ƙofar ɗakin Rosineide. Yatsunta sun warke a sati uku. Ta bar kwalin a wurin sati biyar, tana tsallake shi safe da yamma.

Ranar da ta ga dama, rediyo na addu'a ta fito, ta yage kwalin, ta jona da kanta, ta ja kujera ta biyu.

“Janye ƙafafunka. Ɗora su a kan kujera inda zan gan su.”

Ya ɗora. Ko minti biyu ba a yi ba mutuminsa yana ƙasa. Yatsunsa suka saki, ya kifa kai a kan tebur yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana kiran sunanta.

Rosineide ba ta ko dube shi ba. Ta gyara riƙon hannunta.

“Ka sha kashi,” ta ce. “Tashi ka wanke kwanuka.”

Ya tashi.