Layi na Arba'in da Ɗaya

Duk wanda ya san Zakiyyu ya san ba ya son tarkace. Ko tsinke ya gani a tsakar gida sai ya tsince. Wani ƙaramin kamfanin intanet yake wa aiki a Daura, shi ke riƙe da rumbun bayanansu: wane ƙarfen sabis ke kai wa wane gari, wane gida ke kan wace lamba. Daga ɗakinsa yake shiga ta kwamfuta. Baƙin allo ne kawai da koren rubutu, sai jerin zaɓi: ɗaya ka ƙara, biyu ka gyara, uku ka goge.

Tsoho Kabo, wanda ya kafa rumbun, gargaɗi ɗaya ya yi masa ranar da ya miƙa masa aikin. Akwai layi na arba'in da ɗaya, ba suna, ba adireshi. Lokacin da aka sare wata tsamiya a hanyar Zango don a kafa ƙarfe, Kabo ya buɗe layin ya bar wa masu wurin. "Ba ruwanka da shi," in ji shi. Zakiyyu ya ce to, amma a ransa dariya yake yi.

Wata biyu da rasuwar Kabo, ran wata Talata da almuru, matarsa Hadiyya na tuƙa tuwo, 'yarsu Raihana mai shekara tara ta jingina da kafaɗar ubanta tana kallon allon kamar yadda ta saba. Ya danna uku, ya rubuta arba'in da ɗaya. Allon ya tambaye shi ko ya tabbata. Mutumin da ko ruwan zafi ba ya zubarwa a irin wannan lokaci sai da bisimilla, ya amsa e bakinsa a rufe. Ya bi tsofaffin kwafin ajiya ma ya share, don aiki ya yi tsaf.

Ladan bai ƙare kiran salla ba dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Aka leƙa waje, ba kowa. Washegari da magariba duwatsu suka dawo, da ɗuminsu kamar daga murhu aka ciro su. A rana ta uku Raihana ta saki kwanon abinci, ta zauna ƙiƙam, ta buɗe baki da muryar tsoho.

"Ɗaya, ƙara. Biyu, gyara. Uku, goge."

Hadiyya ta ɗora hannu a ka. "Malam, me ka taɓa?"

Zakiyyu ya ruga ɗaki. Ya danna ɗaya don ya mayar da layin, allon ya ba shi lamba ɗari shida da sha biyu. Ya sake, ya ba shi da sha uku. Haka Kabo ya gina abin: lambar da aka goge ba ta dawowa. Kwafin da zai cece shi kuwa, da hannunsa ya share. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Kwana shida yarinya ba ci ba sha, sai ɗan ruwa a cokali. Ran na bakwai aka ɗauko Malam Abdulbaƙi, masanin ruƙiyya, a babur daga Zango. Ya zauna kan buzu ya yi ta karatu tun la'asar har rana ta yi ja. Gidan ya yi tsit, har kaji sun yi shiru. Can yarinyar ta juyo da kai a hankali.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. An sare mana gida, muka haƙura. Kabo ya ba mu wurin raɓawa, muka zauna shekara goma ba mu taɓa kowa ba. Wannan ya goge mu ko sallama babu. A mayar mana da arba'in da ɗaya."

Malam ya dubi Zakiyyu. Zakiyyu ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, ba ya mayuwa. Amma zan buɗe masu sabo, ko goma suke so."

"Ba ma son sabo," in ji muryar. "Zaɓi biyu ne. Ko in zauna a jikinta har ta ƙare, ko in fita, amma in goge layi ɗaya kamar yadda ya goge."

Malam ya ɗaga hannu. "Dakata, a fara sanin wane..."

"Goge!" in ji Zakiyyu. Yana ganin ƙasusuwan wuyan 'yarsa, kuma a zatonsa rumbun kamfani ake nufi. "Goge duk wanda kake so!"

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Raihana ta yi atishawa uku ta sulale. Malam ya rufe littafinsa, fuskarsa kuma ba ta mai murna ba ce.

Da ta farfaɗo ta nemi kunu. Ta gane uwarta, ta tambayi akuyarta, har ta tuna karatun da aka ba su a Islamiyya. Zakiyyu ya durƙusa gabanta hawaye na zuba, ya miƙa hannu zai shafa kanta. Yarinyar ta ja da baya, ta gyara ɗankwalinta, ta ɓuya bayan Hadiyya.

"Umma," ta ce a hankali, "baƙon nan me ya sa yake kuka?"