Mita Talatin da Huɗu

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Alhamis aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Sufeto Zender ko kofin kofinsa bai kai baki ba.

"Mota ta kauce hanya a Zobe," in ji Sajan Marlies. "Jost Wendling ne. Ya rasu."

"Wane Jost?"

"Jost nawa muke da shi, Yallaɓai?"

Sufeto ya ajiye kofin.

Mu nan tsaunukan Eifel da muke kwana muna tashi da kukan inji, haɗari ba labari ba ne. Duk bazara sai wani mai sabon kuɗi ya zo daga birni ya rungumi ƙarfen gefen hanya. Amma Jost? Shekara ashirin da shida yana gwada wa kamfanoni motoci a wannan hanyar tsere mai kilomita ashirin cikin daji, wadda muke kira Zobe, ko madubi bai taɓa fasawa ba.

Abin da ya fito da shi da sassafe kuwa kowa ya sani. Motar kamfanin Velten ta zagaye Zobe a minti shida da sakan arba'in da uku, ita ce a saman jerin da mujallu ke bugawa. Ta kamfanin Rothmund, wadda Jost ke tuƙawa, tana biye da minti shida da sakan arba'in da biyar. Attajirin da zai sayi motar ba inda zai je da ita sai gidan cin abinci, amma sai ya duba jerin nan kafin ya saya. Sakan biyu ke nan, ko atishawa mai kyau ta fi su tsawo.

A kwanar da ake kira Gwiwar Dila suka iske motar, ta naɗe kamar gwangwanin madara. An riga an ɗauke gawar. Kwaltar wurin cike take da rubuce-rubucen fenti na 'yan kallo, kamar ko'ina a Zobe: sunayen 'yan mata, sunayen garuruwa, zagi.

Sufeto ya bi baƙin sawun taya da ƙafa har inda ya fara. Daidai kan wani farin rubutu ne mai manyan baƙaƙe: HEDDA.

"Ya makara da birki," in ji Marlies.

"Jost bai taɓa makara ko zuwa coci ba. Ciro mini akwatin nan da ke naɗar bayanan mota. Ki sa masa hatimi, kada kowa ya taɓa sai ɗakin bincike."

A garejin Rothmund suka sami babban injiniya, Dokta Lothar Kranz, dogon mutum mai farar riga, yana zaune gaban allon da aka jera lokutan motoci.

"Ina kake lokacin da abin ya faru?" in ji Sufeto.

"Nan, da agogo a hannuna. Ban fita ba har yanzu."

"Kuna ganin abin da motar ke yi daga nan?"

"A'a. Tsaunuka na tare saƙon. Sai ta dawo muke buɗe akwati."

"To me ya faru, a ganinka?"

Kranz ya cire tabarau ya goge. "Motar lafiyarta ƙalau, Sufeto. Kuskuren direba ne. Ya yi jinkirin taka birki da mita talatin da huɗu. Shekarunsa hamsin da uku, ido ba ya zama yadda yake. Gobe kamfani zai fitar da sanarwa."

"Yana da abokan gaba?"

"Ka tambayi Benno Lux, direban Velten. Sunansa ne za a sauke daga saman jeri."

Benno yana rumfar Frau Ilse ta bakin hanya, inda direbobi ke karyawa. Burodi da cuku na gabansa bai taɓa ba, idanunsa sun yi ja.

"Ina kake jiya da yamma, da kuma yau da safe?" in ji Sufeto.

"Gida."

Frau Ilse ta leƙo daga bayan teburin sayar da abinci. "Gida? Kai Benno, ka ji kunya mana. Wa ya shigo mini jiya da takalma duk taɓo, ganye a ka, kamar wanda ya kwana da barewa?"

Benno ya sunkuyar da kai. "To, na ji. Ina cikin daji a saman Gwiwar Dila da agogona. Ina auna gudunsu. Kowa na yi, su ma suna yi mana."

"Ka so ya kasa."

"Na so ya kasa da rabin sakan, in saya masa giya in yi masa tsiya har Kirsimeti! Ban so ya mutu ba. Shi ya koya mini hanyar nan." "An ce Kranz na cewa kuskure ya yi. Ƙarya ne. Kowane direba da alamarsa ta birki, wani bishiya, wani facin kwalta. Jost a kwanar nan kan sunan matarsa yake takawa. Duk garin nan an sani. Mukan ce masa Hedda ce kaɗai ke iya tsayar da shi."

"A kan sunan ya taka," in ji Sufeto. "Na ga sawun tayar da idona."

Benno ya zaro ido. "To ai ba zai yiwu ba."

"Me ka gani jiya daga cikin dajin?"

"Ba komai. Da aka rufe hanya ƙarfe shida, farar motar Rothmund ta ɗaukar kaya ta zo ta tsaya a kwanar. Na ɗauka duba kwalta suke, na sulale kada a gan ni."

Frau Hedda Wendling ta buɗe musu ƙofa da kanta. Ba kuka take ba, kuma wannan ya fi tayar wa Sufeto hankali.

"Sun bugo daga kamfani," ta ce. "Wai in yi haƙuri, tsufa ne ya kama shi. Gobe duniya za ta karanta cewa mijina ya kashe kansa da ganganci. Herr Zender, ka san shi. Kada ka bari a binne shi da wannan."

"Ranki ya daɗe, zan roƙe ki abu mai wuya. Ki zo mu je wurin."

Ta ɗauki rigar sanyinta ta biyo su.

Da suka isa, Sufeto ya kai ta kan farin rubutun. Ta dube shi, ta dubi dajin, ta waiwaya baya. Sai ta dafa hannun Marlies.

"Ba nan yake ba."

"Kin tabbata?"

"Da wannan rubutun ya nemi aurena. Ina zaune kan wancan dutsen, ga shi can baya, shi kuma yana durƙushe a gabana da gwangwanin fenti. Duk shekara ranar aurenmu sai mun zo ya sabunta shi. Gaban dutsen yake. Wa ya kawo sunana nan?"

Suka koma daidai dutsen. Kwaltar wurin ta fi ta kewaye baƙi. Sufeto ya durƙusa ya karce da makullin mota. Baƙin fenti ya ɓare, fari ya leƙo daga ƙasa.

"Wayyo Allah," in ji Marlies a hankali.

Hedda ta zauna kan dutsen. Sai a lokacin ta fashe da kuka. "Da sunana aka kashe shi."

Sufeto ya sa aka kawo igiyar awo. Marlies ta riƙe baki ɗaya a tsohon rubutu, shi ya ja zuwa sabon. Ya duba lambar, ya sake dubawa.

Ƙarfe huɗu na yamma suka koma garejin. Kranz na gyara takardar sanarwar gobe. Marlies ta wuce kai tsaye wajen farar motar kaya.

"Dokta, ɗazu ka ce Jost ya makara da mita nawa?" in ji Sufeto.

"Talatin da huɗu."

"Wa ya gaya maka?"

"Bayanan mota."

"Akwatin na hannunmu tun safe da hatimi. Kai da bakinka ka ce ba kwa ganin komai daga nan, kuma ba ka je wurin ba. To ina ka samo talatin da huɗu?"

"Ƙiyasi ne."

"Ƙiyasinka ya yi kyau. Tsakanin tsohon rubutu da sabo, talatin da huɗu ne cif, ba ko taku ɗaya a kai."

Marlies ta dawo daga motar riƙe da keken awo, irin wanda ake turawa a auna nisa. Tayarsa da farin fenti a gefe guda, baƙi a ɗayan. Makanikai suka ajiye sifana suka tsaya cirko-cirko.

Kranz ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Motar za ta iya," ya ce. "Sau dubu na gwada a kwamfuta. In ya jinkirta birki da mita talatin da huɗu a kwanar nan, zai fita da gudun da zai ba mu sakan biyu da kwata har ƙarshen gangara. Wata uku ina roƙonsa. Sai ya yi dariya ya ce kwamfutata ba ta taɓa jin sanyin safe ba. Na ce to, tunda ba ya jin maganata, yana jin ta fenti. Na so ya dawo ya ga lokacin, in gaya masa, mu yi dariya."

"Ka san abin da ya sa ya ƙi?" in ji wani tsohon makanike daga baya. "Ƙarƙashin itatuwan kwanar nan raɓa ba ta bushewa sai ƙarfe tara. Ɗan shekara goma a ƙauyen nan ya san haka!"

"Lissafina daidai ne," in ji Kranz. "A busasshiyar kwalta daidai ne."

"Kuma da ya mutu, sai ka ce tsufa ne," in ji Sufeto.



Sufeto ya ciro wata takarda daga aljihu. "Ɗakin bincike sun buɗe akwatin. Ni ban iya karatunku ba, Dokta. Karanta mini layin ƙarshe, kafin Gwiwar Dila."

Kranz ya sa tabarau. Ya karanta a ransa, leɓensa na motsi.

"Da ƙarfi, su ji."

"Yana gaban lokacin Velten," ya ce da ƙyar, "da sakan biyu da rabi."

Jost ya riga ya cinye tseren tun kafin ya iso kwanar. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya taka birki inda ya saba.

Marlies ta sa wa Kranz ankwa. Bai yi gardama ba, sai dai har suka kai ƙofa yana waiwayen allon lokutan nan. Sufeto ya ɗauki takardar sanarwar daga kan tebur, ya ninke, ya sa a jakar shaida.

Ranar Lahadi bayan jana'iza, an rufe Zobe na awa ɗaya, abin da ba a cika yi ba. Benno Lux ne ya durƙusa gaban dutsen yana kankare baƙin fentin da wuƙa. Hedda ta karɓi gwangwanin farin fenti daga hannunsa, ta bi tsofaffin baƙaƙen sunanta ɗaya bayan ɗaya, a inda Jost ya sa su. A ƙasa ta ƙara nasa.