Babban Yatsan Haladu Wanzami

Ku matso. Kai Sagiru, kashe wayar nan ko in jefa ta a randa. Tun ɗazu kiɗan gem ɗin nan yake fitowa daga aljihunka, kana wani muzurai kamar ba kai ba. Na san kiɗan. Tun uwarka tana tallan gyaɗa na san shi.

Wannan abin da kuke dannawa, mu muka buga na asalinsa. Sunansa na Turanci ne, harshena ba ya ɗauka, mu dai Mai-Takobi muke ce masa. A gidan gem ɗin Oga Tambai, bayan tsohuwar tasha. Talabijin mai ƙatuwar ƙeya, hannun gem mai igiya, janareto yana tari. Na ɗaya ya fito, muka buga. Na biyu, na uku, har muka yi gemu ana fitar da sababbi. Ka ɗauki jarumi, ka bi gari-gari, ka tara abokan tafiya, ka kashe babban dodo, a nuna maka an gama. Ka tashi ka yi miƙa kamar mutum. Yanzu fa? Sun matse shi cikin waya. Sun yi wa jarumin ƙaton kai kamar kabewa, da 'yan ƙafafu kamar na fara. Abin haushi! Kuma shi ne ya kusa raba Haladu da babban yatsansa.

E, Haladu wanzami, wanda ya yi muku askin suna dukanku. Abokina ne tun firamare, rana ɗaya aka kore mu. Kun dai san wanzami da babban yatsa yake cin abinci. Shi yake danne aska. In babu shi, sai dai mutum ya rataye zabira ya koma tsaron shagon wani.

To, na waya yana fitowa Haladu ya faɗa ciki tsundum. Na yi masa faɗa har na gaji. Su masu gem ɗin kuma 'yan wayo ne: kullum in ka leƙa, sai su ba ka 'yar kyauta. In ka tsallake rana, kyautar ta wuce. Kamar kaza da tsaba haka suka mai da shi.

Ranar wata Laraba ya wuni yana aski a kasuwar ƙauye, inda ko ɗigon sabis babu. Ya taso a babur rana ta yi ja. Hankalinsa duk yana kan kyautar. Kuma kun san inda sabis ya fi ƙarfi a hanyar nan: kangon gidan gem ɗin, tunda a bayansa aka kafa ƙarfen sabis. Oga Tambai ya daɗe da barin gari. Rufi ya rufta, jemagu sun gaje wurin. Ko akuya ba ta kwana a ciki.

Da almuru fa. Mutum mai hankali, mai 'ya'ya, ya jingine babur, ya zauna a dakalin kango. Ko bismillah bai yi ba.

Ya buɗe waya. Ya karɓi 'yar kyautarsa. Maimakon ya tashi, sai ya ce bari ya taɓa faɗa ɗaya.

Sai ya ji tsit. Gyare sun yi shiru. Jemagun ma sun daina motsi.

“Mai-Takobi ne wannan?”

Haladu ya juya. Wani mutum ne zaune a damansa, da tsohuwar riga mai ƙura, hula ta rufe goshi. Bai ji zuwansa ba. Kuma mutumin yana dama, amma muryar ta kunnen hagu ta shigo.

Haladu ya ce, “Shi ne, malam. Na waya.”

“Me ya sami kansa?”

“Kan wa?”

“Jarumin. Wa ya kumbura masa kai?”

“Haka suka yi shi yanzu.”

Mutumin ya ja tsaki. Tsakin ya yi tsawo, har ƙasa ta zubo daga bango.

“Ina kafaɗunsa? Ina tabon fuskarsa? Wannan ai ɗan tsana ne. Marasa kunya!”

Haladu har ya ji daɗi, ya samu ɗan'uwa. Ya ce, “Ashe kai ma ɗan gidan Oga Tambai ne. Amma ban gane fuskar ba.”

“Ni na gane taka. Kai ne mai cizon harshe in faɗa ya yi zafi. Kullum sai ka bar gumi a hannun gem.”

“A ina kake zama?”

“A sama.”

“Wace sama?”

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi inda silin yake a da.

A daidai nan gem ɗin ya tsaya yana lodi, fuskar waya ta yi baƙi. Kun san in ta yi baƙi mutum yana ganin kansa kamar a madubi. Haladu ya ga fuskarsa. Ya ga bangon da ke bayansa. Ya karkata wayar dama kaɗan. Dakali kawai. Babu kowa.

Ya saukar da ido ƙasa a hankali. Mutumin ba takalmi. Ƙafafunsa biyu, duka na hagu ne.

Ummita, in za ki yi kuka ki yi a hankali, kada Inna ta fito ta kore mu.

Mutumin ya ce, “In kun watse, Tambai ya kulle, ni nake saukowa. Ni nake bugawa har asuba. Ba ku taɓa tambaya ba me ya sa man janareto yake ƙarewa? Na gama na ɗaya. Na gama na biyu. Duk na gama su. Sai aka kwashe kayan aka bar ni da jemagu. Ina nan ina jiran sabo. Miƙo.”

Haladu ya miƙa. Amma bai saki wayar ba, tana hannunsa na hagu.

Mutumin ya ɗora yatsa a gilashi. Shiru. Ya danna. Ya goga. Ya ƙwanƙwasa da farce. Jarumi yana tsaye yana lilo da ƙaton kansa, ko gezau.

“Ina maɓallan?”

“Babu. Gilashin ake taɓawa.”

“Ai na taɓa!”

“Sai… sai yatsa mai ɗumi yake ji.”

Nan fa abin ya tashi. Bai miƙe ba, amma ya ƙara tsawo a zaune. Wuyansa ya wuce bakin taga. Iska mai wari kamar ƙonannen gashi ta bugi Haladu.

“Wato sun yi gem ɗin da ba ya jin hannuna? Ni? Da na san kowace rijiya da kowane kogo a cikinsa? Kawo yatsanka.”

“Malam, don girman…”

“Kawo!”

Ya cafke wuyan hannun Haladu na dama. Sanyi kamar an tsoma shi a ruwan ƙanƙara. Sanyin ya gangara, ya taru a babban yatsa. Sai yatsan ya motsa da kansa. Haladu yana kallo, yatsansa yana tsalle a gilashi, ba da izininsa ba. Sara, kaucewa, sara. Sauri irin wanda bai taɓa yi ba. Fatar ta fara zafi. Farcen ya tsage.

“Yaushe za ka sake ni?”

“In na kai ƙarshe.”

Haladu ya san abin da zai faɗa ba zai yi daɗi ba.

“Malam, wannan ba shi da ƙarshe.”

Yatsan ya tsaya cak.

“Me ka ce?”

“Na waya ba a gama shi. Kana kashe dodo, su ƙaro wani. Haka ake ta yi.”

“Labari ba ƙarshe? Wane ɗan iska ne ya yi wannan?”

“Wallahi ba ni ba ne.”

Yana cikin masifa, wani dodo mai ƙaho ya maƙe jarumin da kulki. Jarumi ya faɗi warwas. Mutumin ya yi wata ƙara, babur ɗin Haladu ya faɗi da kansa.

“Kai ne! Rawar jikinka ce ta ja! Yatsan yana da kyau, mai shi ne banza.”

Ya sa ɗaya hannun cikin zabirar Haladu. Bai ko duba ba. Ya zaro askar da Haladu ya wasa da safe, ya buɗe ta.

“Tafi gida. Yatsan ya zauna.”

“In ka yanke zai huce! Zai zama kamar naka, gilashin ba zai ji ba!”

“Za mu gwada.”

Aska ta zauna a gindin yatsa. Haladu ya ji bakinta. Jini ya ɗan tsatso. Ya ce min a lokacin ba mutuwa ya tuna ba, zabirarsa ya tuna, wadda ya gada wurin babansa, da wanda zai riƙe ta gobe.

Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan zagaye a lungun gilashin. Abin da muka fi zagi a gem ɗin kaf. In ka taɓa shi, jarumi yana yin faɗan da kansa, kai sai kallo. Abin ragwaye. Hannun dama a kame, na hagu yana tallafe da waya. Sai ya sunkuya ya dangwala shi da hanci.

Jarumi ya miƙe. Ya zare takobi. Ya hau dodon nan da sara, ba wanda ya taɓa komai.

Askar ta tsaya.

“Wa yake dannawa?”

“Babu kowa.”

“Ɗan'uwana ne a ciki?”

“A'a. Shi yake buga kansa. Ba ya bukatar yatsana. Ba ya bukatar naka. Ga shi nan, ka riƙe, na bar maka.”

Dodo ya faɗi. Kiɗan nasara ya tashi. Jarumi ya wuce gaba shi kaɗai, ya kama wani faɗan.

Mutumin ya zuba wa wayar ido. Muryarsa ta koma ƙasa-ƙasa, kuma wannan ta fi ƙarar ban tsoro.

“Na jira. Na jira a cikin kashin jemagu. Ashe ko ni ba ya so.”

Ya saki hannun Haladu ya damƙi wayar da hannu biyu, yana girgiza ta, yana zagin masu ita, da iyayensu, da kakanninsu. Bango ya fara tsagewa. Haladu bai tsaya ɗaga babur ba. Ya suri zabira, ya runtuma. A bayansa yana jin kiɗan nasara yana tashi, ana ɗura masa ashar.

A ƙofar gidana ya zube. Ni na ɗaure masa yatsan. Baƙi ƙirin, sanyi kamar ƙarfen asuba. Aka yi ta tofi, aka yi ta hayaƙi, har ɗumi ya dawo. Yatsa yana nan, yana riƙe aska, yana ciyar da gida. Babur ma da rana tsaka muka je mu da yawa muka ɗauko. Wayar kam ba wanda ya nema.

Amma bai dawo duka ba. Da rana ta yi ja, sai ya fara. Tsalle, dannawa, gogawa, a kan cinya, a kan tabarma, a kan duk abin da ya samu. Sai Haladu ya zauna a kansa har a idar da sallar isha'i. Mutumin kangon nan bai haƙura ba ke nan, yana dai gwadawa.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi ta bayan tsohuwar tasha shi kaɗai, ko da sabis ɗin duniya ne ya taru a wurin. In kuma Baba ya aike ku aski wurin Haladu, ku je da hantsi. Bayan la'asar, ko shi ya kira ku, ko aska tana hannunsa yana murmushi, kada ku ba shi wuyanku.