Wadda Ta Kira Shi da Sunansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci mutum da aljan, Ya kuma sanya shamaki a tsakaninsu saboda rahamarSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Rana ta yi ja sa'ad da Abdulsalami ya baro ganuwar Bauchi a bayansa, ya miƙi hanyar Zungur a kan kekensa. Washegarin ranar da aka sauke tutar Turawa ne, gari bai gama kaɗe-kaɗe ba. Shi kuwa tun jiya bai sa komai a bakinsa ba.

Ga abin da ya faru. Abdulsalami akawu ne na gwamnati, an ba shi ɗan gida a gefen unguwar GRA. Ranar murnar 'yancin kai ya tara abokan aikinsa shan shayi, aka jera kofuna da biskit a kan tebur. Ana cikin hira sai ga mahaifiyarsa, Inna Hamsatu, a bakin baranda. Ƙafafunta sun yi furu-furu da ƙasar hanya, ga akushi a kanta an rufe da faifai. Tuwon sabon gero ne da miyar kuka, ta zuba man shanu, domin a ɗabi'arta ba ta ɗanɗana amfanin shekara sai ɗanta ya fara ci. Ƙamshin daddawa ya riga ta shiga ɗakin.

Wani abokin aikinsa mai suna Jesse ya ce, "Malam, wace ce wannan babar?"

Abdulsalami ya dubi kofunan, ya dubi ƙafafunta. Ya ce, "Wata tsohuwa ce daga ƙauye. Takan kawo mana tsintsiya."

Ta ji. Ta sauke akushin a hankali, ta rusuna, ta ce, "A huta lafiya, ranka ya daɗe." Ta juya ta tafi.

Da baƙi suka watse, daidai faɗuwar rana, ya ɗauki akushin ya zagaya gindin tsamiyar da ke bayan gidan, ya kifar da tuwon. Bai ambaci sunan Allah ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mai so ya zo ya ci." Ya bar akushin nan a yashe.

Da hantsi Jesse ya biyo ta gidan, yana dawowa daga coci. Ya ce, "Malam, ina sauran tuwon jiya? Biskit ɗin naka kamar ina tauna kwali. Ƙamshin miyar nan ya hana ni barci, sai da na tuna uwata." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Kuma mai tsintsiyar nan taka, goshinku ɗaya fa."

Ashe ko da ya ce uwarsa ce, babu wanda zai yi masa dariya. Wannan ne ya fi ƙona shi. Ya wuni yana kai da komo a ɗaki, sai bayan la'asar ya iya ɗaukar keke, da niyyar ya durƙusa gabanta ko za ta sake karɓarsa a matsayin ɗa.

Hanya ta yi shiru. Dawa ta yi tsayi hagu da dama, kawunanta sun sunkuya. Ƙamshin gona ya mayar da shi yarinta: yadda yakan hau rumfa yana korar tsuntsaye, yadda akan gasa tumu a bakin kunya a murje shi a tafi da zafinsa, da kunun tsamiya da ake kai wa masu gayya. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa furta sunansa ba, ba ta kuma kallonsa ido cikin ido a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan". Amma kowace safiya yakan tarar da ƙanzon tukunya a ƙarƙashin faifai, an jiƙa shi da man shanu, an ɓoye masa. Da abinci take yi masa magana. Maganarta ke nan ya zubar a gindin tsamiya.

Magariba ta yi masa a inda babu gari. Ya yi nufin ya sauka ya yi salla, sai ya ji ƙamshi.

Hayaƙin kara. Daddawa. Man shanu a kan tuwo mai zafi.

A gefen hanya, ta tsakanin karan dawa, ya hango wuta. Ya jingine keke ya kutsa. Sai ga bukka irin ta gonarsu sak, har da tsohuwar rumfar korar tsuntsaye, wadda ya tabbata gara ta cinye tun yana makaranta. Wata mace na zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ta ba shi baya, tana tuƙa tuwo. Zanenta shuɗi, irin wanda Inna ta ɗaura jiya.

Ya ce a ransa, dare ne ya yi wa Inna a hanya ta kwana a nan. Ya durƙusa.

"Inna," ya ce a hankali. "Na zo ne..."

"Zauna," in ji ta. "Ka sha hanya."

Muryarta ce. Ya zauna a ƙasa. Muciya na bugun tukunya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ban da wannan babu motsin komai. Ba kukan gyare, ba na kwaɗi. Ko sauro babu.

Ta kwashe tuwon, ta miƙo masa ta baya ba tare da ta juyo ba. Da hagu ta miƙo. Ya lura, amma yunwa da murna suka rufe masa ido. Akushin ma ya gane shi, ga tsagin nan a baki da aka ɗinke da waya.

Shi ne wanda ya bari a gindin tsamiya.

Ya dubi wutar. Tana ci, amma fuskarsa ba ta jin ɗumi.

"Ci mana," ta ce.

Ya sa yatsu uku a tuwon. Tururi na tashi, tuwon kuwa sanyi ƙalau kamar ƙasan randa. Ya gutsuro loma. Ya ɗago ta har kusa da leɓensa.

"Ci, Abdulsalami. Ci, ɗana."

Hannunsa ya tsaya.

Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan nan da wannan murya ba.

"Ke ba Inna ba ce," ya ce, da raɗa.

Muciya ta daina motsi.

"Kai ka faɗa da bakinka, waccan mai tsintsiya ce." Muryar ta fara rabewa biyu, ɗaya ta Inna, ɗaya daga can ƙasa. "Ka ce mai so ya zo ya ci. Mun zo. 'Ya'yana sun ci, sun lashe. Ka ciyar da mu, sai mu ciyar da kai."

Karan dawa ya fara motsi ta kowane gefe. Babu iska. Ya ji ƙananan tafukan ƙafa, da sautin tanɗar baki.

"Ba ka da uwa, ga ni. Ni ba na jin kunyar sunanka. Haɗiye loma ɗaya, ka zauna da mu."

Kanta ya fara juyowa. Kafaɗunta ba su motsa ba.

Ya nemi Bisimilla a harshensa, harshen ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Lomar ta taɓa leɓensa, ba kuma shi ya matso da ita ba.

Ya runtse ido. Ya tuna muryar Inna, yadda takan ce daga bayan danga, ba tare da ta dube shi ba, "A ce wa yaron nan ya yi Bisimilla."

Ya yi ta, da ƙaraji.

Wutar ta mutu. Wani abu ya yi ƙara kamar an yaga sabon ƙyalle. Ya watsar da lomar, ya faɗa cikin dawa yana jan Ayatul Kursiyyu a guntu-guntu, ganye na yankar fuskarsa. Ya laluba keke ya hau. A bayansa ana ta kiran sunansa, da muryar uwarsa, har sai da ya jiyo haushin karnukan Zungur.

Ƙanin mahaifinsa, Baffa Jalo, shi ya buɗe masa ƙyaure, ya haska shi da fitila. "Subhanallahi! Akawu, kai da wa kuka yi kokawa?"

Inna Hamsatu na zaune a ƙofar ɗakinta bayan sallar lisha, da carbi a hannu. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Jalo, ka ba baƙon birni ruwa. Ka ba shi haƙuri, tsintsiya ta ƙare."

Abdulsalami ya zube a gabanta, ya kifa goshinsa a kan ƙafafun nan da ya ji kunyarsu jiya. "Inna, na yi zalunci. Ki yafe mini domin Allah." Kuka ya ci ƙarfinsa. Ta bar shi ya yi mai isarsa.

Can ta ce, "Jalo, tambaye shi ina akushina."

Baffa Jalo ne ya ɗaga fitila wajen keken, ya ce, "Ai ga shi nan ɗaure a baya."

Yana nan kuwa, an ɗaure shi da igiyar rama, ɗaurin da ba Abdulsalami ya yi ba. An lashe shi tas, cikinsa da danshi.

Inna ta daɗe tana duban akushin, sannan ta dubi yatsun ɗanta. Ta sa aka jefa akushin a murhu. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo a rufe da faifai. Ƙanzo ne, da man shanu, wanda ta ɓoye tun safe.

Ta ajiye a ƙasa, ta kau da kai, ta ce, "Jalo, ce wa yaron nan ya wanke hannu."

Abdulsalami ya yi tsawon rai, ya kai babban matsayi. Amma yatsun nan uku ba su sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara. In an kira shi da magariba, ba ya amsawa sai ya ga fuskar mai kiran. Duk kaka kuma, in Inna ta iso GRA da sabon akushi, shi yake fita ya sauke mata, ya shigo da ita gaban ko wane ne, ya ce, "Ga mahaifiyata." Ita kuwa sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa Jesse, "Ɗan nan, ce masa ya rage surutu, tuwo na hucewa."

Allah Ya tsare mu daga sharrin abin da ke ɓoye da na bayyane, Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye. Ya gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da iyayenmu baki ɗaya. Amin.