Fanteka Mai Faci

"Faci?! Ni Behruz zai aiko wa fanteka mai faci?"

Oydin ta yi jifa da jakarta. Ko fentin masana'antar kwanuka ba ta wanke daga yatsunta ba, ta tarar da tsakar gida cike da mata.

"Da idona na gani!" in ji Gwaggo Zulhumor, ƙanwar babanta, tana tafa hannu. "An cika ta da samsa mai nama har baki, amma gindinta da tabo. Yaron da ke wuni a bakin tanderun gasa kwanuka, a ce ya rasa sabuwa ta neman aure? Raini ne tsagwaronsa!"

"A mayar musu da abinsu wayam," in ji Inna cikin kuka. "Ko gurasa ɗaya kada a sa. Duk garin Namangan ya san magana ta mutu."

"Dama ga ɗana Ulmas nan..." Gwaggo ta sako.

Kai, Gwaggo! Gawa ba ta yi sanyi ba har an fara rabon gado.

"Ni zan kai," in ji Oydin. "A fuskarsa zan kifa ta!"

An riga an juye samsar. Ta fizgi ƙunshin, zanen ya zame.

Ta tsaya cak.

Wani ɗan rumman ne aka zana a tsakiyar fantekar, karkatacce, ganyensa kamar kunnen akuya. Duk duniya mutum ɗaya ce ta taɓa zana rumman mai muni haka.

Ita ce.

Aikinta na farko ke nan. Ranar da aka fito da ita daga wuta, garin ɗoki ta ɗauka da zafinta, ta sake ta a ƙasa, ƙwal! Gindin ya ɓantare har baƙin ƙarfe ya leƙo. Shugaban aiki ya wurga ta cikin tarkace, ita kuma ta ci kuka har Behruz mai tanderu ya miƙo mata shayi.

Ta kifa fantekar. An kankare wurin tas, an cike shi da garin gilashi, an sake gasawa. Shuɗin bai zo ɗaya ba, amma ko ɗigon tsatsa babu.

"Sakarai..." ta ce a hankali, hawaye na zuba. "Sakaran banza!"

"Yawwa 'yata, faɗa masa!" in ji Gwaggo.

Oydin ta wuce kicin, ta kwashe gurasar da Inna ta gasa, ta jera a fantekar har ta yi tozo, ta juye alewa da goron ruwa a kai.

"Ke! Kin haukace?"

"Inna, ni na fasa ta. Shi ya gyara."

Inna ta leƙa facin ta ƙasa. Can ta cire sabon ɗankwalinta ta rufe fantekar da shi, ta ɗaure tamau.

A ƙofar gidan su Behruz ta same shi, ya yi zuru-zuru, labari ya riga ta isowa.

"Oydin, hasken idona, na ɗauka za ki gane..."

"Rufe min baki! Ni kaɗai ce a gidanmu? Kana da baki ba ka iya magana ba? Ka sa uwata kuka, ka sa Gwaggo ta fara auna ni da ɗanta! Saura ƙiris in kifa maka ita a ka!"

"Na tuba, ranki ya daɗe."

"Ban yafe ba!"

Ta dangwara masa ƙunshin a ƙirji. Ya tare da hannu biyu, nauyin ya rinjaye shi har ya yi taga-taga.

Ya dubi ƙunshin. Ya dube ta.

"Da nauyi..." ya ce.

"Riƙe da kyau," in ji ta tana share ido. "In ka sake ta ta fashe, wannan karon kai za a yi wa faci."